Me Ya Tsayar da Jirgin Ƙasa a Ngaundere?

Duk kayan da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala da nufin zuwa Garwa, ko Marwa, ko Kusiri, ko ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena, in dai jirgin ƙasa ya hau, to a Ngaundere, a arewacin Kamaru, za a sauke shi. Nan dogo ya ƙare. Sauran tafiyar, kilomita 700 da ɗoriya zuwa bakin iyakar Cadi, sai a bayan tirela. Tun 1974 ake haka. Waɗanda aka haifa a shekarar da jirgin ya fara shigowa garin yau sun aurar da 'ya'ya, kuma da yawansu sun tashi da zaton dama can haka aka tsara. Alhali waɗanda suka zana layin, zango suka ɗauki Ngaundere, inda za a huta a ci gaba, domin Cadi suka dosa. Abin da ya kamata ya dami duk mutumin arewacin Kamaru da na Cadi shi ne sanin abin da ya hana a ci gaban, da kuma wanda ke biyan kuɗin wannan tsayawa har yau.

Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo a Kamaru. A 1906 suka soma wani layi daga Bonaberi, tsallaken kogin Wuri daga Duwala, ya kai Nkongsamba a 1911, tsawon kilomita 160. Burinsu wata rana ya hau tsaunuka ya ratsa arewa har Tafkin Cadi. Suka kuma fara na biyu daga Duwala ya nufi gabas, yaƙin duniya na farko ya riske shi a wajen Eseka a 1914. Faransawa da suka gaji ƙasar su suka ƙarasa shi zuwa Yawunde a 1927, da aikin tilas. Ana kamo mutane daga ƙauyuka a tura su fasa dutse da haƙa rami a dajin Njok, kuma har yau mutanen yankin ba su manta da waɗanda suka tafi ba su dawo ba. An ja reshe zuwa Mbalmayo don kwaso katako da koko. Bayan 'yancin kai aka ƙara wani gajere, kilomita 29 daga Mbanga zuwa Kumba, a 1969, don ɗinke ɓangaren masu Ingilishi da na masu Faransanci. Duk wannan dogo a kudu yake, kuma in ka cire na Kumba, aikinsa guda ne: ya kwaso koko da kofi da ayaba da katako ya kai bakin teku.

Arewa kuwa a wancan zamani ba kudu take kallo ba. Kakanninmu fatake da suka zauna a Ngaundere da Banyo da Tibati ta Yola suka biyo, da jakai ɗauke da kanwa da tufafin Kano, su koma da goro da hauren giwa, a da can ma har da bayi. Da Turawa suka zo, hanyar ba ta sauya alƙibla ba, abin hawa ne kawai ya sauya. Garwa ta zama tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, jirage su taso daga Burutu a gaɓar Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da gyaɗa da auduga. Wata biyu zuwa uku ne kacal ruwan ke ɗaukar jirgi, saboda haka kayan shekara guda a cikin waɗannan makonni ake sauke shi a kuma loda. Ta tudu ma Najeriya ce kusa. Dogo ya isa Kano a 1911, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Daga Njamena zuwa Maiduguri kusan kilomita 250 ne, wato ko bayan an gama layin Ngaundere, dogon Barno ya fi shi kusa da Kusiri nesa ba kusa ba.

Labarin Cadi ya fi ɗaci. Faransa ba ta son kayan ƙasar su bi ta hannun Ingila, sai ta tilasta wata doguwar hanya ta cikin ƙasashen da take mulka: mota daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Bangi, jirgin ruwa daga Bangi zuwa Barazabil, sannan jirgin ƙasa zuwa Pointe-Noire a bakin teku. Kusan kilomita 3,000 ke nan. Wannan dogo na Kwango, da aka gina daga 1921 zuwa 1934, da ƙarfin tsiya aka kwashi samarin ƙabilar Sara na kudancin Cadi aka kai su aikinsa, cikin dajin da ba su san ruwansa ba, ba su san abincinsa ba. Mafi ƙarancin ƙiyasin waɗanda aikin ya ci rayukansu mutum 17,000 ne, kuma 'yan Cadi na da kaso mai yawa a ciki. Ƙasar da 'ya'yanta suka mutu wajen shimfiɗa wa wasu dogo, ita har yau ba ta da ko taku ɗaya nasa.

Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shugaban Kamaru na farko, ya karɓi mulki ya tarar da ƙasa mai fuska biyu, kudu na kallon teku, arewa na kallon Najeriya. A 1961 kuma aka yi ƙuri'ar raba gardama, yankin arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi bin Najeriya, abin da ya ƙona masa rai har ya ayyana ranar makoki. To ga shugaban da ya ga haka, dogo zuwa arewa ya wuce maganar ciniki, igiya ce ta ɗaure ƙasa wuri guda. An aza harsashi a 1964. Kamfanin Cogefar na Italiya ya yi aikin, kuɗi kuma suka fito daga asusun raya ƙasashe na Turai, da Amurka, da Faransa, daga baya Jamus ta shigo. Ana cikin aikin yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, hanyar Binuwai ta toshe, sai hujjar Ahidjo ta ƙara ƙarfi. Jirgi ya isa Belabo a 1969, ya isa Ngaundere a 1974, kilomita 622 daga Yawunde. Shirin da ke ƙasa a lokacin shi ne a wuce zuwa Mundu, daga nan a kai Sar a kudancin Cadi.

A nan ne aka yanke shawarar da mutane ba su cika tunawa da ita ba, ita ce kuwa a ganina ta fi kowace tasiri. Da dogo ya iso Ngaundere, kuɗi bai ci gaba da hawa arewa ba, baya ya koma. Tsohon layin Duwala zuwa Yawunde, na zamanin Jamus da Faransa, ya cika lanƙwasa da hawa, ba ya iya ɗaukar nauyin da sabon layin ke turo masa. Daga 1975 zuwa 1987 aka yi ta miƙar da shi, da gadoji da ramuka ta ƙarƙashin duwatsu, har tsawonsa ya ragu daga kilomita 308 zuwa 263. Ba za a ce shawarar ba ta da kan gado ba, don babu amfanin ƙara wa layi tsawo alhali gindinsa a shaƙe yake. Sai dai an ce wa arewa ta jira a gama, kuma ranar da aka gama, aljihun gwamnati ya riga ya huje. Farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ahidjo kansa ya sauka tun 1982. A can Cadi kuwa babu ma wanda za a zauna da shi a yi maganar. Tawaye ya fara tun tsakiyar shekarun 1960, an kashe shugaban ƙasar, Tombalbaye, a 1975, daga 1979 zuwa 1982 Njamena ta zama fagen fama har mutanenta suka tsallaka kogi suka cika Kusiri, ga kuma yaƙi da Libiya. Ba bankin da zai zuba kuɗi a dogon da zai shiga ƙasar da ake harbe-harbe a babban birninta.

Ko da kuɗi da zaman lafiya sun samu, akwai abin da ke tsaye a arewacin garin tun kafin a haifi kowa, wato gangaren da direbobi ke kira Falez. Ngaundere a kan tudu take, sama da mita 1,000 daga doron teku, Garwa kuwa kusan mita 200. Mafi yawan wannan rata a wuri guda ake sauke ta, kafin a kai Mbe. Wanda ya taɓa bin hanyar ya san yadda abin yake. Tirela mai ɗauke da siminti tana saukowa da giya ɗaya, injin na kuka, warin birki ya cika iska, karen mota ya diro yana tafe gefen taya da weji a hannu. A kowace kwana in ka leƙa ƙasa, da wuya ka rasa ganin gawar wata mota da tsatsa ta cinye. Mota ke nan, mai tayar roba da ke kama kwalta. Jirgin ƙasa ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba ya jure gangare mai tsanani. Jirgin kaya mai nauyi yana son a ce a kowane mita 100 na tafiya, hawa ko sauka bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba. A kan wannan lissafi, sauke mita 600 kaɗai na buƙatar kilomita 40 zuwa 60 na dogo mai zagaye, da gadoji a kan kwazazzabai, wataƙila da fasa dutse a ratsa ta cikinsa. Injiniyoyi sun iya, an yi wanda ya fi shi wuya a wasu ƙasashe. Amma kowane kilomita a nan zai ci kuɗin kilomita da yawa na fili.

Duk da haka ban yarda a ce nisa ko dutse ne ya gagara ba, saboda mun ga abin da ya faru da man Doba. Daga 2000 zuwa 2003 aka binne bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga kudancin Cadi zuwa Kiribi a bakin teku, aikin da aka ƙiyasta gaba ɗayansa a kan dala biliyan 3.7, da hannun ExxonMobil da Bankin Duniya. Ya ratsa daji da koguna da tuddan Adamawa, ya bi ta kusa da Belabo, kuma wannan jirgin namu shi ya yi dakon bututun da kansa. Shekara uku aka yi aka gama. Bambancin kawai shi ne mai yana da mai shi, wanda ya san ribar da zai ci ya kuma matsa. Audugar manomin Gidar da albasar manomin Marwa da shanun makiyayin Cadi suna da yawa in an tara su, amma masu su a warwatse suke, ba su da kujera a teburin da ake raba kuɗi.

A 1999 gwamnati ta miƙa tafiyar da jirgin daga hukumarta ta Regifercam zuwa kamfanin Camrail, wanda rukunin Bolloré na Faransa ya zama babban mai hannun jari a cikinsa, kafin ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin jiragen ruwa na MSC a ƙarshen 2022. Mutane kan zargi kamfanin da ƙin ƙara layi, amma a nan zargin bai sauka inda ya dace ba. Wanda aka ba hayar layi aikinsa ya tafiyar da wanda ya tarar, ya ci riba daga dakon kaya. Shimfiɗa sabon dogo nauyin gwamnati ne, kuma tun 1987 ba ta shimfiɗa ba.

Ita Ngaundere, tsayawar nan arziki ta zame mata, kuma duk mai son fahimtar lamarin sai ya faɗi wannan gaskiya. Kafin jirgi, garin Lamiɗo ne mai sanyi, na makiyaya da malamai da 'yan kasuwar goro. Bayan jirgi, unguwanni suka tsiro a kewayen tasha, mutane suka kwararo daga kudu da arewa da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Je ka tashar kaya da hantsi ka gani. Tireloli sun yi layi, wasu da lambar Kamaru, wasu da ta Cadi, direba ya shimfiɗa tabarma a inuwar ƙarƙashin motarsa, butar shayi na kan gawayi, kwana nawa ke nan yana jiran takarda ta fito. 'Yan dako suna fitar da buhunan shinkafa da fulawa da taki daga tarago zuwa sito, gobe su kuma fitar da su daga sito zuwa mota. Dilolin auduga na Sodecoton da na Cotontchad, kamfanonin auduga na Kamaru da Cadi, suna jiran tarago mai komawa kudu. Tankoki na shan mai a ma'ajiya. A zama ɗaya kunnenka zai ji Fulatanci da Hausa da Larabcin Cadi da Faransanci. Can gefe ana kora shanu su hau tarago, a cusa su har ba wurin juyawa, yaran dillalai su bi su har Yawunde ko Duwala, aikinsu duk wadda ta faɗi a hanya su tayar da ita kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Mai abinci, mai faci, makanike, ɗan kamasho, mai ɗakin haya, mai canjin kuɗi, duk daga wannan sauke-lodi suke ci. Har yarjejeniya ke akwai tsakanin ƙasashen biyu kan rabon dakon kayan Cadi, kashi 65 cikin 100 na motocin Cadi, 35 na motocin Kamaru. Tsarin da ya ciyar da mutane shekara 50 yana da masu kare shi, ko da ba su fito fili sun ce ba sa son dogo ya wuce ba. Ban ga laifin ɗan dako da ke tsoron ranar da jirgi zai wuce shi da kaya a rufe ba. Tsoronsa na gaskiya ne, kuma duk shirin da bai tanadar masa mafita ba shiri ne gurgu.

Sai dai kuɗin wannan sauke-lodi wani ne ke biya. Kowane buhu da aka sauke aka sake lodawa, kowane kwana da mota ta yi tana jira, kowane shingen jandarma da na kwastan tsakanin Ngaundere da Kusiri, kowace taya da ta fashe a ramin hanya, duk a kan farashi suke tarewa. Mai gini a Marwa ya biya a kuɗin ƙarfe da kwano, manomi ya biya a kuɗin taki, uwar gida a Njamena ta biya a kuɗin sukari. In kaya mai sauka kudu ne kuma, daga abin da za a ba manomi ake zabge shi. Jihohin da suka fi kowa talauci a Kamaru su ne ke sayen kayan teku da tsada fiye da kowa. Hanyar ma tana biya, don nauyin da dogo ya kamata ya ɗauka kwalta ke ɗauka, shi ya sa gyara ba ya daɗewa.

Shi kansa layin da ake da shi ya tsufa. Jirgin dare tsakanin Yawunde da Ngaundere ya daɗe shi ne babbar hanyar ɗan arewa zuwa kudu, dalibi da soja da ɗan kasuwa da maras lafiya. A ƙananan tashoshin daji irin su Mbitom da Pangar, inda ba kwalta, tsayawarsa ta 'yan mintoci ita ce kasuwar garin: mata da yara da tocila a hannu suna bin tagogi da kwalaben zuma da ayaba da rogon da aka naɗe a ganye, ana miƙa kuɗi ana miƙo kaya har jirgi ya fara motsi. Amma da aka kammala kwalta ta Bertuwa da Garwa-Bulai zuwa Ngaundere a farkon shekarun 2010, manyan motocin safa suka janye fasinja, tireloli da yawa kuma suka koma ɗaukar kwantena tun daga Duwala har Njamena ba tare da sun leƙa tasha ba. Kilomita 330 da ke tsakanin Belabo da Ngaundere sun shafe shekaru da dama ba a sabunta su ba tun shimfiɗar farko, dole jirgi ya riƙa rarrafe a wurare da yawa. Bankin zuba jari na Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa sun amince da kuɗin sabunta wannan yanki, kuma wannan aiki shi ne na farko da ya wajaba a sa wa ido. Abin da sakaci ke haifarwa mun gan shi a Eseka ranar 21 ga Oktoban 2016. Hanyar mota ta Yawunde zuwa Duwala ta yanke, jama'a suka yi tururuwa zuwa tasha, aka ƙara taragu a kan jirgin, ya kife a gangare. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 79 suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata, binciken hukuma kuma ya ɗora alhakin a kan gudu fiye da ƙima da lalacewar birki da lodi fiye da kima. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Maganar ƙarasawa zuwa Cadi ba ta taɓa mutuwa ba, tana dai tashi tana kwanciya. A 2011 gwamnatin Idris Debi ta sa hannu da wani kamfanin gine-gine na gwamnatin Sin kan dogon da zai haɗa Cadi da Nyala ta Sudan ta gabas, da iyakar Kamaru ta kudu. Ba a ga ƙarfe a ƙasa ba. A Yunin 2014 Kamaru da Cadi suka ƙulla yarjejeniyar miƙa layin daga Ngaundere zuwa Njamena, Bankin Raya Afirka ya biya kuɗin nazari. Daga nan aka shiga muhawarar da ita ce zuciyar al'amarin: ta ina za a bi?

Hanyar gabas ta bar Ngaundere ta bi kwarin kogin Bina zuwa Tuboro, ta shiga Cadi ta Mundu, ta haura Kelo da Bongor zuwa Njamena. Masu goyon bayanta suna da hujja mai nauyi. Mundu ce birni na biyu a Cadi, cibiyar auduga, maƙwabciyar rijiyoyin mai, kuma kudancin Cadi shi ne rumbun ƙasar. Saukowa daga tudu ta wannan ɓangare a hankali take, babu faɗawa lokaci guda irin ta Falez. Tun tsakiyar shekarun 2000 da aka yi kwaltar Ngaundere zuwa Tuboro zuwa Mundu, kayan Cadi da yawa can suka koma. In ni ɗan Cadi ne mai riƙe da alƙalami, ita zan zaɓa. Amma a ɓangaren Kamaru, wannan hanya gefen jihar Arewa kawai za ta shafa ta fice, ta bar Garwa da Gidar da Marwa da Yagwa suna hangen jirgi daga nesa.

Hanyar yamma ta sauka Falez, ta ratsa Garwa da Marwa da Mora zuwa Kusiri. Ƙidayar 2005 ta nuna jihar Arewa Mai Nisa na da mutum miliyan 3.1, jihar Arewa miliyan 1.7, a yau kuwa sun ƙaru sosai. Ga audugar Sodecoton, ga masana'antar siminti a Figil, ga albasa da gyaɗa da masara da dabbobi. Matsalarta biyu bayan Falez. Daga Mora zuwa Kusiri ƙasar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ƙasar masakwa, wadda ruwan Logon ke malalewa a kanta duk shekara, kuma ita ce ta hana hanyar motar wurin zama lafiya. Sannan ga tsaro: a Mayun 2014 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan Sin su 10 a Waza, masu aikin wannan hanya, aikin ya tsaya cik. Ita kuma wannan hanya kudancin Cadi take bari a baya.

Ra'ayina shi ne gangar jikin layin ta sauka Garwa, ta wuce Figil, sannan ta karkata gabas ta Kayele zuwa Yagwa, ta haye Logon zuwa Bongor, inda aka buɗe sabuwar gadar mota a 2025, daga nan ta miƙe Njamena ta cikin Cadi. Haka za ta kauce wa lakar Waza, ta ratsa inda jama'a suka fi yawa a ɓangarorin biyu na kogin, kowace ƙasa ta sami rabo mai tsoka. Na san za a ce Marwa da Mundu sai a ja musu reshe daga baya, ko kuma in an zaɓi gabas a ce Garwa za a ja wa reshe daga baya. A nan ne tarihin dogon Kamaru ya kamata ya sa kowa ya yi hattara. Reshen Mbalmayo ya daina aiki. Layin Mbanga zuwa Nkongsamba, wanda shi ne ma na fari a ƙasar, an rufe shi a shekarun 1990, ciyawa ta rufe ƙarfen, garin da a da ake lissafa shi na uku a Kamaru saboda kofi da jirgi ya koma baya. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, reshe ake fara yankewa. Wanda ba a gina ba kuwa, mu ne shaida, don da "daga baya" aka sallami arewa a 1974. Duk garin da bai shiga zanen farko da kasafin farko ba, kada ya sa rai jikokinsa za su ji kukan jirgi. Saboda haka in za a yi reshen Marwa ko na Mundu, a sa shi cikin kwangila ɗaya da gangar jikin, da kuɗinsa da ranar gamawarsa.

Akwai kuma batun faɗin dogo, wanda ba a cika kawo shi a hira ba amma yana iya ɓata komai. Na Kamaru mita ɗaya ne cif tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tsohon na Najeriya milimita 1,067 ne. Sababbin da ake yi yanzu, irin na Kano zuwa Maraɗi, milimita 1,435 ne. Idan aka shimfiɗa sabon layin arewa da faɗin zamani aka bar na kudu yadda yake, to an kashe biliyoyi amma sauke-lodin Ngaundere na nan, sai dai daga tarago zuwa tarago maimakon daga tarago zuwa mota. Ko dai a ci gaba da mita ɗaya har Njamena, ko a yi gyaran Belabo zuwa Ngaundere ta yadda zai karɓi faɗaɗawa nan gaba. Yanzu da ake shirin taɓa wannan yanki ne lokacin yanke wannan shawara.

Abu na ƙarshe da zai iya sauya lissafin gaba ɗaya yana kwance a ƙasan Minim da Martap da Ngaundal: ma'adinin da ake narkawa a sami alminiyam, irin na tukwane da kwanon rufi. Tun kafin 'yancin kai aka san da shi, yana ma cikin hujjojin da aka kafa lokacin gina layin, amma shekara da shekaru masana'antar alminiyam ta Edeya, wadda wannan dogo ke bi ta gabanta, daga ƙasashen waje take sayo abin narkawarta. A 2024 gwamnati ta ba reshen kamfanin Canyon Resources na Ostareliya lasisin haƙa, kuma ta jirgin ƙasa za a kai shi Duwala. Wannan kaya ne mai nauyi, mai zuwa kullum, irin wanda banki ke so, kuma zai iya sa a gyara layin da gaske. Haɗarinsa shi ne layin ɗaya ne tal, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tasha. Idan jiragen ma'adini suka yi yawa, kuma su ne masu biya da tsoka, jirgin fasinja da na shanu da na taki su za a riƙa ajiyewa a gefe suna jira, shanu kuwa ba sa jure kwana a tarago ba ruwa. 'Yan majalisar jihohin arewa uku, da ƙungiyoyin dillalan shanu da na manoman auduga da na masu motocin dako, ya kamata su nemi ganin abin da aka rubuta kan rabon lokacin hanya, da yawan wuraren giftawa da za a ƙara tsakanin Ngaundal da Belabo, da kuma ko wani kaso na kuɗin da ma'adinin zai biya an ware shi don saukar da dogo zuwa Garwa.